Kayan gashin kek da burodi a gida: na farkon saye da waɗanda za su iya jira

Kek ɗin da ya ƙi tashi, ko ya ƙone a gindi tsakiya na ɗanye, sau da yawa matsalarsa daga awo take ko daga wuta. Don haka kafin ki zuba kuɗi a babban injin kwaɓi, ki fara mallakar ƙananan abubuwa biyu: sikelin kicin mai nuna giram, da ma'aunin zafi na cikin obin.

Kofi ɗaya na fulawa yakan kai giram 120 idan an zuba da cokali a hankali, amma in an kamfato an danna sai ya kai 150. A girkin da ke neman kofi uku, giram 90 ke nan ya ƙaru ba da saninki ba, kek ya fito a bushe yana marmashewa. Ki nemi sikeli mai auna daga giram 1 zuwa kilo 5, mai maɓallin da ke mayar da lamba sifiri, yadda za ki ɗora kwano ɗaya ki riƙa zuba kaya ɗaya bayan ɗaya. Ki haɗa da cokulan awo: ƙaramin mililita 5 ne, babban 15, kuma a shafe ake aunawa ba a cike da tozo ba. Ƙaramin cokali ɗaya na bakar hoda, wato hodar da ke sa kek ya tashi, yana isar giram 125 na fulawa. In ta yi yawa, kek zai taso da gaggawa sannan ya rufta a tsakiya, ga ɗan ɗaci a baki.

Lambar da ke jikin obin ba koyaushe take faɗin gaskiya ba. Kina iya murɗawa zuwa 180°C, cikin yana 160 ko 200. Ki rataya ma'aunin zafi a ragar tsakiya, ki kunna obin ya yi minti 20, sannan ki duba. In akwai bambanci, ki riƙa gyara murɗin daidai da shi. Obin mai fanka kuwa, a rage masa 20°C daga abin da girki ya ce.

Gwangwanin gashi

A nan ne aka fi yin sayen banza. Mafi dacewa shi ne gwangwanin alminiyam mai kauri, mai hasken launi, wanda gefensa yake a miƙe. Alminiyam yana ɗaukar zafi da wuri, yana rarraba shi ko'ina, kuma yana hucewa da zarar an sauke, don haka gefen kek ba ya ci gaba da gasuwa. Baƙin gwangwani yana zuƙar zafi fiye da fari, sai gindi da gefe su yi duhu kafin tsakiya ta nuna. In shi kike da shi, ba sai kin yar ba: ki rage wuta da 15°C, ki fara dubawa minti 5 kafin lokaci. Na gilas yana jinkirin ɗaukar zafi, in ya ɗauka kuma ba ya saki, shi ma a rage masa 15°C. Kada a sauke shi a kan jiƙaƙƙen wuri ko dutse mai sanyi, yana iya tsagewa nan take. Na roba mai jure wuta, wato silikon, yana da sauƙin cirewa, amma ba ya sa gefe ya yi ja, kuma yana lanƙwashewa, dole sai an ɗora shi a kan tire kafin a zuba kwaɓi.

Aibin alminiyam ɗaya ne: ba ya shiri da tsami. Lemon tsami ko tumatir in suka daɗe a cikinsa sukan ɗauko ɗanɗanon ƙarfe, launi ya dushe. Irin wannan gashi, gilas ko tangaran ya fi.

Girman gwangwani ba abin wasa ba ne. Mai faɗin santimita 23 ya fi mai 20 fili da kusan kashi ɗaya cikin uku, duk da a ido tazarar kaɗan ce. Kwaɓin da aka auna don mai 20, in aka zuba a mai 23, zai fito falan-falan ya bushe kafin lokacinsa. In aka yi akasin haka, sama zai yi tozo ya tsage, ko ya tumbatso ya zube a obin. Ƙa'idar ita ce kwaɓi ya tsaya tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na zurfin gwangwani.

Ga mai farawa, zagayayyu biyu masu faɗin santimita 20 da zurfin 5 zuwa 7, dogo ɗaya na burodi mai 23 da 13, da mai ramuka 12 na ƙananan kek sun wadatar. Sai tiren biskit mai kauri wanda aka naɗe bakinsa. Siririn tire yakan yi ƙara ya murɗe in ya ji wuta, biskit ya zame gefe guda. Ki auna cikin obin kafin ki saya, ya zama akwai sararin kamar santimita 3 a kowane gefe don zafi ya zaga. Gwangwani mai ƙugiya da gindinsa ke cirewa yana da amfani ga kek mai laushin da ba a kifewa, sai dai yana yoyo in kwaɓi ya yi ruwa.

Masu shafen hana kamawa suna da daɗin aiki, amma wuƙa da cokalin ƙarfe suna kankare shafen, kuma zafin da ya wuce 260°C yana lalata shi. Takardar gashi ta fi zama abin dogaro: a shafa bota, a yanka takardar daidai gindi a shimfiɗa, a barbaɗa fulawa a gefe a kaɗe ragowar. Galibin takardar gashi tana jure har 220°C. Kada a ruɗe ta da takarda mai kakin zuma, wannan narkewa take yi.

Kayan kwaɓi

Kwanonin silba biyu ko uku, maburgin waya, rariya, da cokalin silikon mai faɗi na kwashe kwaɓi. Dalilin fifita silba a kan roba shi ne roba tana riƙe maiƙo ko an wanke, kuma ɗigon maiƙo kaɗan yana hana farin ƙwai kumfa.

Ƙaramin injin hannu ya isa duk wani kek. Aikinsa na gaske shi ne buga bota da sukari na minti 3 zuwa 5 har su yi fari su yi sakayau, domin iskar da ta shiga a lokacin ita ce bakar hoda take hurawa. Da an zuba fulawa sai a ajiye inji a juya da cokali, yawan bugu yana sa kek tauri. Babban inji mai kwano na wanda ke yin burodi akai-akai ne. Kwaɓin burodi yana da nauyi, yana iya ƙona ƙaramin inji, hannu kuma yana gama murza shi a minti 10.

Ragar shan iska ita ce aka fi mantawa. Kek ya huta a gwangwani minti 10 zuwa 15, sannan a kife shi a kan raga. In aka ciro da wuri zai karye, in aka bar shi ya huce a ciki tururi zai jiƙa gindinsa ya manne. Ki gwada nuna da tsinke a tsakiya: in ya fito da ɗan marmashi ya yi, in ya fito da kwaɓi a ƙara minti 5. Burodi kuwa, ma'aunin zafi mai tsini ya fi ƙwanƙwasa gindi tabbas, cikinsa ya nuna 90 zuwa 95°C.

Gwangwanin alminiyam a wanke shi da hannu, da ruwan ɗumi da soso mai laushi, injin wanke-wanke yana sa shi ya yi baƙi. Na ƙarfe kuma, bayan wanki a mayar da shi obin mai sauran ɗumi na 'yan mintuna, ruwan da ya maƙale a lungunan baki ya bushe kafin ya jawo tsatsa.