Adireshin kamfani da sakatarensa: abin da za a duba kafin rajista a Akra

Masu kallon bidiyon kasuwanci na Amurka sukan zo suna neman wakilin da zai riƙa karɓa wa kamfani takardun hukuma. A Ghana tsarin daban ne. Dokar Kamfanoni ta 2019, wadda ake kira Act 992, ta ɗora wannan nauyi kan abu biyu: ofishin da aka yi rajista da shi, da sakataren kamfani. Dukansu za ka rubuta su a takardun da za ka miƙa wa ofishin ORC mai rajistar kamfanoni.

Fara da adireshi, don nan aka fi tuntuɓe. Duk sammaci ko wasiƙar hukuma da aka ajiye a wannan ofishi, a idon doka ta iso hannun kamfani, ko ka gani ko ba ka gani ba. Idan shagon da ka rubuta a Nima ya koma hannun wani mai haya, ana iya yanke hukunci a kotu ba ka da labari. Saboda haka zaɓi wurin da ake samun mutum a lokutan aiki, wanda kuma ba za ka tashi daga cikinsa baɗi ba. Duba yarjejeniyar hayarka: saura wata nawa? Mai gida ya yarda a yi amfani da gidansa? Akwatin gidan waya kaɗai ba ya wadatarwa, sai da gini na zahiri.

Za a nemi lambar GhanaPost GPS, wato lambar adireshin wuri da ake cirowa daga manhajar waya ta gidan wayar Ghana. Manhajar tana ba da lambar daidai inda wayar take, don haka ka tsaya a ƙofar ginin ka ciro ta. Wanda ya ciro tasa yana zaune a wurin mai shayi a Mamobi, adireshin mai shayi ya ba hukuma. A lungunan zango da gidaje suke manne da juna, gwada sau biyu, ka kwatanta da allon da ke jikin bango idan akwai.

Ofishin da ka yi rajista da shi da wurin kasuwanci ba dole su zama ɗaya ba. Kana iya sayar da kaya a Madina, ofishin rajistarka kuma yana wurin lauya ko akanta. Wannan ya fi dacewa da mai yawan tafiya, muddin an rubuta a yarjejeniya cikin kwana nawa za su sanar da kai idan takarda ta zo.

Sakatare kuwa ba ƙaninka ne da ya iya kwamfuta ba. Dokar ta sa sharaɗi: lauya, ko ƙwararren akanta, ko mai takardar ilimin gudanar da kamfani, ko wanda ya koyi aikin ƙarƙashin ƙwararre aƙalla shekara 3. Shi ke riƙe rajistar masu hannun jari, shi ke shigar da bayanan shekara. Tambaye shi kuɗinsa na shekara nawa ne, kuma me ya ƙunsa. Ka tabbata imel da lambar wayar da aka shigar naka ne, ba na ɗan tsakanin da ya cike maka takarda ba.

Ban da ofishi da sakatare, sai daraktoci 2, ɗaya aƙalla mazaunin Ghana, da mai binciken kuɗi. In ka sauya ofishi, sanar da ORC cikin kwana 28, ka kuma gyara adireshin a hukumar haraji ta GRA da banki.