Yadda ake zaɓen rim da taya masu sauƙin kuɗi ga tsohuwar a-kori-kura

Yawancin masu tsofaffin a-kori-kura a Kaduna, Hilux ce ko Nissan ko L200 ko tsohuwar Peugeot 504 irin wadda masana'antar Peugeot, wato PAN, ta riƙa haɗawa a Kakuri, ba a wajen taya suke fara tafka asara ba. A wajen rim ne. Mutum zai shiga Panteka ya hango rim na aloyi guda huɗu suna walƙiya, ya ƙirga ramukan noti ya ga shida ne kamar na motarsa, mai kaya ya ce "zai shiga, Alhaji, ko tantama babu", ya biya ya loda. Sai a wajen mai faci, bayan an riga an ɗora sababbin tayoyi a kai, ake gane cewa bai zauna ba. A lokacin kuma mai kaya ba zai karɓi abinsa ba, tunda an karce shi.

Kafin ka fita daga gida, ka kwafe lambobi uku a takarda ko ka ɗauke su hoto da waya: girman tayar da kamfani ya rubuta a takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba, rubutun da ke gefen tayar da ke kan motar yanzu, da rubutun da aka buga a bayan rim ɗin. Kada ka dogara da tayar da ke kan motar kaɗai. Motar da ta wuce hannu uku ko huɗu, wani ya riga ya sa mata abin da ya samu. Idan takardar ƙofa ta goge, ka nemi wata mota irin taka wadda ba a taɓa mata ƙafafu ba ka duba.

Yanzu rim, inda ake faɗuwa. Abu huɗu ne sai sun yi daidai gaba ɗaya, kuma yawan ramuka shi ne mafi sauƙin gani, shi ya sa mutane ke tsayawa a kansa.

Na farko tazarar ramukan. Hilux mai ramuka shida, da tsohuwar Nissan D21 da D22, da L200, duk 6x139.7 suke ɗauka, wato idan ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa za ka samu milimita 139.7, inci biyar da rabi ke nan. Amma Navara D40 ita ma ramuka shida gare ta, tazararta kuwa 114.3. Ba su haɗu ko kusa ba. Masu ramuka biyar sun fi yaudara. Tsohuwar Hilux mai jan baya kawai 5x114.3 take ɗauka, rim ɗin Mercedes kuma 5x112 ne. Bambancin bai kai milimita uku ba, ido ba zai kama shi ba, kuma idan aka matsa zai iya ratayuwa. Sai dai kowane noti zai zauna a karkace, ya riƙa jan ƙarfen da yake ɗaure a kai gefe guda, har ranar da ɗaya zai tsinke sauran su biyo baya. Duk makaniken da ya ce a bari noti zai jawo shi ya daidaita, ka ɗauke motarka daga wajensa.

Na biyu ramin tsakiya, wanda kusan ba mai tambayarsa. Na Hilux mai ramuka shida milimita 106 ne da ɗan ɗoriya, na tsohuwar Nissan 100. To ka ga rim ɗin Nissan, duk da ramukansa sun yi daidai da na Hilux, ba zai shige kan hob ba, wato ƙarfen da rim yake zama a kansa. Zai tokare ya bar rata a baya. Na ga waɗanda suka ɗaure shi a haka da ƙarfin tsiya, na ga kuma waɗanda suka kai wa masu walda aka faɗaɗa ramin da wuta. Kada ka yi ko ɗaya. Ramin da aka faɗaɗa da hannu ba ya fita a da'ira, ƙafar za ta riƙa rawa, sitiyari na karkarwa, kuma ba balansin da zai magance shi. Idan ramin ya fi hob girma, wannan da sauƙi, ana sa zobe a cike gurbin, amma ni a motar lodi na fi son wanda ya zauna cif da kansa.

Na uku zurfin rim, wato yadda yake shigewa ciki ko fitowa waje. A bayansa za ka ga rubutu irin 16x7J ET30: inci 16 girma, inci 7 faɗi, lambar da ke bayan ET ita ce zurfin. Ƙaramar lamba tana turo ƙafa waje. Samari na son haka don motar ta yi faɗi ta yi kwarjini, amma nauyin na komawa kan boris, taya kuma ta riƙa cin madigadi idan an yi lodi, ta watsa wa jikin mota taɓo da damina. Babbar lamba tana shigar da ƙafar ciki, ta goga a birki ko a ƙarfen ƙasa idan an murɗa sitiyari har ƙarshe. Ka nemi lambar da ta yi kusa da ta asalin rim ɗinka.

Na huɗu noti. Rim ɗin ƙarfe noti mai tsinin baki yake so, aloyin Toyota na asali kuma mai shimfiɗaɗɗen baki da zoben ƙarfe (washa) a ƙarƙashinsa. Tazarar zaren notin ma ba ɗaya ba ce: ta Toyota milimita 1.5, ta Nissan 1.25. Idan ka canza daga ƙarfe zuwa aloyi, ka sa kuɗin noti a lissafi, guda 24 ne a mota mai ramuka shida, kuma mai kaya ba zai tuna maka ba sai ka biya.

Duk wannan lissafin hanya ɗaya ce ke tabbatar da shi: ka je da motar. A ɗaga gaba da jak, a cire ƙafa ɗaya, a ɗora rim ɗin ba taya, ka ɗaura noti da yatsunka. Idan ba su shiga sumul da hannu ba, ba naka ba ne. A juya shi ka duba ko yana lilo, ka leƙa baya ka ga ko yana taɓa birki, sannan a gwada shi a baya ma. Mai kayan da ya ƙi a gwada, ka gode masa ka wuce gaba. Ka kuma shafa cikinsa da hannu, idan ka ji tabon walda a aloyi, ya taɓa tsagewa ne.

Ni dai a-kori-kurar da ke aiki rim ɗin ƙarfe nake ba ta. Ya fi araha, idan ramin hanya ya lanƙwasa masa baki ana buga shi ya dawo, aloyi kuwa tsagewa yake yi ya bar ka a daji. Kuɗin da ka rage a nan ka zuba shi a taya.

A taya, lambar ɗaukar nauyi ita ce gaba da suna. Ka ɗauki 195R14C 106/104 a misali. Harafin C yana nufin tayar motar kaya ce, wasu kuma LT ake rubuta musu. Lamba 106 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 950, ta biyun kuma ta shafi motar da ake jera wa taya biyu a gefe ɗaya ne, ba ruwanka da ita. Lamba 110, wadda za ka gani a 205R16C, kilo 1060 ce. Tayar ƙaramar mota mai lamba 96 kilo 710 take ɗauka. Girmanta zai iya shiga rim ɗinka, farashinta kuma ya yi maka daɗi, amma ka tuna buhun masara goma daga Saminaka tan guda ne, kuma kusan dukkansa a kan tayoyin baya biyu yake zama, ga nauyin motar kanta. Ranar da aka haɗa wannan da zafin kwalta na watan Maris, gefen tayar ne ke fashewa. Araha ba ta ado.

Girma kuma, ka tsaya a kan na kamfani, ko abin da bai wuce shi da kashi 3 cikin 100 ba a tsayi. Masu cire 205R16 su sa 31x10.50R15 suna samun kyan gani, amma tsohon inji yana rasa ƙarfin ja a hawa, mai ya ƙaru, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da abin da kake yi. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole tayoyin huɗu su zama girma ɗaya.

Sabuwa ko beljiyam? Tun da Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008, tayar mota a ƙasar nan daga waje take zuwa, shi ya sa farashinta ke bin dala. Tsofaffin tayoyi kuwa suna cikin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su, amma sun cika kasuwa. Ra'ayina, sabuwar Triangle ko Linglong ko Westlake mai harafin C ta fi tsohuwar Bridgestone da ba ka san tarihinta ba. Idan aljihu ya ɗan yi nauyi, Maxxis.

Ko wacce za ka saya, ka nemo lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Idan lambobi uku ne, an yi ta kafin 2000, ko kyauta aka ba ka ka bar ta. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke lissafa wa taya daga ranar da aka yi ta, don haka sabuwa ma da ta kwana biyu a shago ka nemi ragi ko ka nemi wata. Wurin lambar idan ya yi kama da an goge shi ko an sake bugawa, ka ajiye ta.

Idan dole sai beljiyam, ka guji mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe, ta sanyin Turai ce, robarta taushi gare ta, nan da nan take suɗewa a zafinmu. Ka duba tsakanin zanen, akwai 'yan tudu da ke nuna iyakar milimita 1.6, idan zanen ya kusa daidaita da su ta gama aiki. Ka kula da wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa, gefen yankan kaifi yake yi. Ka zura hannu ciki ka laluba faci da ƙullutu, ka duba bakin da ke kama rim, domin wasu cusa su ake yi cikin juna wajen shigo da su, bakin ya lanƙwashe.

Kuɗin bai kai na huɗu ba? Sayi biyu iri ɗaya ka sa su a baya, inda lodi yake. Kada ka haɗa iri biyu a gefe da gefe.

Wajen ɗaurawa a sa sabon bawul a kowane rim, kuɗinsa kaɗan ne. A yi balansin, a yi alaimen, musamman idan tsofaffin tayoyin gefe ɗaya suka ci. A ɗaure noti ta tsallake-tsallake, kuma ka hana yaron mai faci hawa kan sifana da ƙafa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notin gaba ɗaya. Iska da safe ake auna ta kafin taya ta ɗumama, da lambar da ke jikin ƙofa, ta baya a ƙara mata idan za a yi lodi. Mafi kyau cikin tsofaffin tayoyin ka mai da ita safaya, amma ka tabbatar notin da ke motar yanzu suna kama rim ɗinta, in ba haka ba ka ajiye tsofaffi shida a cikin mota.