Farashin ƙungiya da sauran kurakuran da ke jefa ɗan kasuwa cikin tarkon dokar gasa

Takardar da na fi nadamar bugawa ba ta wuce layi shida ba. Lokacin ina sakataren wata ƙaramar ƙungiyar masu ruwan leda a nan Katsina. Man dizal ya tashi, leda ta tashi, sai muka zauna bayan la'asar a kan tabarma a harabar kamfanin shugabanmu, muka yanke cewa daga Litinin kowa zai sayar da jaka a farashi ɗaya, wanda ya karya kuma a ci shi tara. Ni na rubuta, na danna hatimi, na ɗauki hotonta na tura zauren WhatsApp. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Malam Sakatare, ka ƙara da cewa motar wanda ya saɓa ba za ta shiga unguwar wani ba." Na ƙara. Duk zaman nan babu wanda ya ji a ransa laifi muke yi, domin a wurinmu wannan shi ne haɗin kai.

A idon doka kuwa laifi ne, kuma babba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa wa hannu a farkon 2019, ta haramta wa masu sana'a iri ɗaya su haɗa baki su tsayar da farashi, ko su raba kasuwa a tsakaninsu, ko su rage fitar da kaya don su yi tsada. Ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai sa ido kan gasar kasuwanci da kare masu saye, da kotu ta musamman mai sauraron ƙararrakin gasa. Kamfanin da aka samu da laifin haɗa baki a kan farashi ana iya cin sa tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na cinikin da ya yi a shekarar da ta gabata. A lura, ciniki aka ce, ba riba ba. Mutum shi kaɗai kuma yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira miliyan 10, ko duka biyun.

Da yawa cikinmu muna jin labarin hukumar ne idan ta taɓa manya. A ƙarshen 2023 kamfanin taba na British American Tobacco ya amince da biyan dala miliyan 110. A Yulin 2024 aka ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun gasa kuma ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Mai shago a Babbar Kasuwa ya ji waɗannan kuɗaɗe sai ya ce ai wannan rigimar giwaye ce, ina ruwan kiyashi. Nan ma kuskure ne. A tsakiyar 2023 ƙungiyar masu POS reshen Legas ta fitar da jadawalin kuɗin da kowane wakili zai caja, hukumar ta umarce su su dakatar, ta kuma gargaɗe su da hukunci. Masu POS ƙananan 'yan kasuwa ne irinmu, masu rumfa da lema a bakin titi. Abin da suka yi shi ne daidai abin da muka yi a kan tabarmar nan.

Gyaran ba rushe ƙungiya ba ne. Ƙungiya na da aiki mai yawa da babu mai hana ta: ta kai kuken haraji barkatai ga gwamnati, ta nemi a gyara wuta, ta koya wa 'ya'yanta tsabta da ajiyar lissafi, ta sasanta rigima, ta yi gudummawa idan gobara ta faɗa wa wani. Tana iya fitowa ta gaya wa jama'a cewa fulawa da sukari sun yi tsada. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta ce wa mai gidan burodi ga nawa zai sayar. Kowa ya koma shagonsa ya lissafa abin da ya kashe, ya ɗora ribarsa. Idan farashinku ya zo ɗaya saboda buhu ɗaya kuke saye, babu laifi, in dai ba shawara kuka yi ba. In ana cikin taro wani ya ɗauko zancen farashi, ka ce ba da kai ba, ka sa a rubuta hakan a bayanin taro, ka ɗauki takalminka. Kada a raina saƙon murya na WhatsApp kuma. Doka ba ta jiran sai an ga sa hannu da hatimi, fahimtar juna da baki ma yarjejeniya ce.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa, tsakanin dila da masu sari. Babban dila ya ba ka kaya ya ce, "Alhaji, kada ka kuskura ka sayar ƙasa da kaza, in ka yi na yanke maka kaya." Mun saba ganin wannan a matsayin kare mutuncin haja, amma dokar ta hana gindaya mafi ƙarancin farashin sake sayarwa. Dila na iya ba da shawarar farashi, muddin shawara ce ta gaskiya wadda ba ta zo da barazana ba. In kana da irin wannan sharaɗi a takardunka da masu sari, cire shi.

Sai 'yan kwangila, kuma a nan ina son a saurara da kyau, domin abin ya zama ruwan dare har an daina jin nauyinsa. An tallata aikin gyaran ajujuwa ko haƙa rijiyar burtsatse, sai ka kira abokai biyu: ku ara mini takardun kamfanoninku, ku sa kuɗi sama da nawa, aiki na gaba ni zan raka ku. Wannan rakiyar maguɗin neman kwangila ce, kuma dokar ta ware mata sashe guda. Ba ma sai an je ga dokar Abuja ba. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ya san najashi, wato mutum ya yi tayin da ba na gaskiya ba don ya yaudari wani, ya kuma san an hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi, an hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Dillalan da ke haɗa baki su ƙi taya buhun manomi a Dandume ko ragon makiyayi a Mai'adua sai a farashin da suka shirya tun da asuba, sun taka duka biyun. Haɗa baki wajen saye laifi ne kamar haɗa baki wajen sayarwa.

Masu manyan kantuna su kula da lambar da ke jikin kanta. A Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda farashin da ke manne a kan kaya ya saɓa da wanda ake karɓa wurin biya. In kaya sun tashi, a fara canza takardar kafin a canza kwamfuta.

Wasu kuma tsoro ya kai su ɗaya gefen, suna zaton hukumar ce za ta yanka musu farashi. Ruɗanin ya ƙaru a Agustan 2024, lokacin da shugabanta Tunji Bello ya ba 'yan kasuwa wa'adin wata guda a kan tsawwala farashi, daga baya hukumar ta fito ta bayyana cewa ba ƙayyade farashi take nufi ba. A 2025, a shari'ar MultiChoice, kamfanin da ke da DStv, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce ikon ƙayyade farashi na Shugaban Ƙasa ne, hukumar ba ta da shi sai an miƙa mata. Saboda haka babu wanda ya hana ka cin riba, kuma girma a kasuwa ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne idan ka yi amfani da ƙarfinka ka danne na ƙasa, kamar ka sayar a kan faɗuwa har sabon shiga ya rufe, sannan ka ninka.

Wanda Allah ya buɗa wa har zai sayi wani kamfani ya duba cinikin shekara. In na kamfanonin biyu a haɗe ya kai naira biliyan 1, ko na wanda za a saya shi kaɗai ya kai miliyan 500, sai an sanar da hukumar ta amince kafin a karɓi makulli. Da yadda naira ta faɗi, matsakaicin injin casar shinkafa ma na iya haura wannan adadi.

To wanda ya riga ya shiga fa? A 2022 hukumar ta fitar da ƙa'idojin sassauci ga wanda ya kai kansa ya ba da haɗin kai, kuma wanda ya riga zuwa shi ya fi samun rangwame. Ka nemi lauya kafin ka yi magana da kowa. Kada ka goge saƙonni ko ka ƙona takarda, domin lalata hujja laifi ne na daban. Mu a ƙungiyarmu, bayan wani lauya ɗan unguwarmu ya karanta takardar ya yi mana bayani, sai muka kira taro, muka janye ta a rubuce, muka mayar wa mutum biyun da muka ci tara kuɗinsu, aka kuma cire zancen farashi daga kundin ƙungiya.