Yadda ake ɗaga bodin Hilux don sa manyan tayoyi

Yawancin samarinmu na Jidda da Makka da ke son ganin Hilux ɗinsu ta yi tsayi suna zaton ɗaga bodi shi ke nisanta mota daga ƙasa, to ba haka ba ne. Shasi yana nan inda yake, inji da giya da aksil duk ba su motsa ba, ɗakin direba da akwatin baya kawai ake rabawa da shasin a cusa ƙananan tubala na roba mai tauri ko na alminiyam a tsakani. Babban amfaninsa shi ne taya ta samu wurin juyawa ba tare da ta goga madigadi ba. Ita tayar ce ke ƙara nisanta cikin motar daga ƙasa. Misali in ka cire taya mai lamba 265/65R17 ka sa mai lamba 285/70R17 tsayin tayar ya tashi daga wajen milimita 776 zuwa 831, rabin wannan bambancin ne kawai cikin motar zai tashi daga ƙasa, bai ma kai santimita 3 ba. Ka san wannan kafin ka kashe riyal ɗinka.

Ana sayar da kayan daga inci 1 zuwa 3. Ni dai a ganina inci 2 ya ishi mai hankali, da zarar ka kai 3 kusan komai sai an ƙara masa tsawo kuma tsakanin bodi da shasi zai bar wani rami da ake hango ƙarfe ta ciki, babu kyan gani. Ka sayi cikakken saiti wanda aka yi wa samfurin motarka, mai ɗauke da tubalan, dogayen kusoshi masu lamba 10.9 a kai, ƙarin sandar sitiyari da ƙarafan riƙe bamba da lagireto. Dan Allah kar ka yarda wani a sana'iyya, wato unguwar makanikai, ya ce zai yanko maka bututun ƙarfe ya haɗa da kusoshin tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, wai ai duk ɗaya ne, kusoshin nan su kaɗai ne ke riƙe da ɗakin da kake zaune a ciki kai da iyalinka.

Kuma tun kafin a kwance noti ɗaya ka bincika maganar Murur, wato 'yan sandan hanya na Saudiyya, domin canja fasalin mota ba tare da izini ba mukhalafa ce, wato karya doka, a ƙasar nan, sannan ga fahas, wato gwajin lafiyar mota, yana jiranka lokacin sabunta istimara, takardar rajistar mota. Motar kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka, ko ta kamfani kuwa kar ma ka soma.

Ana gobe aiki ka fesa WD-40, man da ke sassauta tsatsa, a duk kusoshin da ke haɗa bodi da shasi, musamman in motar Jidda ce da raɓar teku ta ci ƙasanta. Wasu notocin a cikin bodi aka manne su, in ka tilasta wa mai tsatsa ya ɓalle ta ciki to aikin yini ɗaya ya koma na kwana biyu. Ranar aikin ka samu wuri mai daɓe a miƙe, ka sa weji a tayoyi, ka daidaita tayoyin gaba su kalli gaba sak, ka cire kan batir ka ɗan jira mintuna don kar jakar iska (airbag) ta fashe. Ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera kar ya juya, don akwai wata siririyar waya a naɗe a bayansa da ke tsinkewa in ya yi ta wulwulawa babu sanda.

Yanzu ga ainihin aikin, kuma nan ne masu gaggawa ke ɓata mota. Duk abin da kansa ɗaya ke jikin bodi ɗayan kuma ke jikin shasi ko inji sai ka bi shi da ido da hannu. Sandar sitiyari, ka yi mata alama da fenti sannan ka sassauta ta. Bamba ta gaba ka sauke. Lagireto a jikin bodi yake zai tashi sama, fanka kuwa a jikin inji take ba za ta bi shi ba, kaga in ba ka kwance murfin robar da ke kewaye da ita ba fikafikanta za su daki murfin da zarar an tada mota. Sai tiyon zuba mai, wayoyin at (earth), igiyar hambirki, bututun birki da na kuloci, tiyon AC, sandar giya da ta fowil in mai hannu ce. Ba duka ake cirewa ba, da yawa ɓalle maƙalinsu kawai za ka yi su samu sarari.

Daga nan sai ka sassauta kusoshin ɗakin direba na ɓangare ɗaya ba tare da ka zare su ba, na ɗaya ɓangaren kuma ka zare gaba ɗaya. Ɗora katako mai kauri a kan jak ka tokare ƙasan bodi a wuri mai ƙarfi, ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, mutum ɗaya na kan jak ɗaya kuma ya buɗe bonet yana kallo, da ya ga wata waya ta miƙe ta yi tsantsan sai ya ce tsaya. Iya abin da tubalin zai shiga za a ɗaga. Robar asali ta kamfani tana nan ba a cire ta, a kanta ake ɗora tubalin, kuma da filaya ko sanda ake tura shi, yatsa ba ya shiga tsakanin bodi da shasi ko da wasa. Zura sabbin kusoshin da hannu, sauke jak, koma ɗaya ɓangaren. Akwatin baya ma haka.

Kar ka ɗaure ko ɗaya tamau sai duk sun shiga. Tsaya a gefe ka kalli layin da ya taho daga ƙofa zuwa akwati ko ya miƙe, buɗe ƙofofi ka rufe ka ji, sannan ka ɗiga Loctite, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, ka ɗaure da sifana mai awo daidai yadda takardar kayan ta ce. Sai a mayar da komai: ƙarin sandar sitiyari, a sauko da lagireto ya daidaita da fanka, a ɗaga bamba. Maganar murfin fanka kar ka biye wa masu cewa a jefar da shi, a zafin Makka da ke haura digiri 40 ga cunkoso ga AC a kunne, motar da ba ta da shi za ta yi ta tafasa.

Bayan an sa tayoyin a banshar, wato shagon masu taya, ka murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, gaba da ribas, kana sauraro. Sau da yawa 285 tana goga ƙarfen da ke riƙe ɗakin direba a bayan tayar gaba, shi kuma a jikin shasi yake, ɗaga bodi bai matsar da shi ba, wani lokacin sai an canja wili ko a haƙura a sa 265/70R17. Duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar, sati da shekarar da aka yi ta kenan, tsohuwar taya ba ta jure kwaltar nan. Safaya ma ka gwada ko za ta shiga mazauninta.

Motar da ka karɓa yanzu ba irin ta da ba ce a hannu. Ta ƙara tsayi don haka kwana sai a hankali, musamman gangaren Hada in ka taho daga Ɗa'if, birki zai ɗan yi nisa, shan mai zai ƙaru, fitilun gaba a sake saita su kar ka makantar da mutane. Maleji kuma ya fara yi maka ƙarya, da 285/70R17 in ya nuna 120 kana wajen 128 ne, Sahir kuwa, kyamarar kama masu gudu a hanya, ba ruwanta da girman tayarka, gara ka gwada da GPS na waya ka san bambancin. In ka yi kamar kilomita 800 ka koma ƙarƙashi da sifanar nan ka sake bin kusoshin ɗaya bayan ɗaya, har da na sandar sitiyari.