Yadda nake kafa kasuwar 'yan aji biyar, ribar ta tafi ga mabuƙata

Akwai wani yaro a ajina da in na rubuta masa 840 a allo na ce ya raba gida 12, sai ya tsaya yana kallona kamar na yi masa Faransanci. Amma yaron nan in uwarsa ta aike shi cefane da dubu biyu, babu ɗan tireda da zai ci masa ko naira goma. Lissafin yana kansa, allon ne ba ya magana da shi. Dalilin da ya sa na fara 'yar kasuwar aji ke nan, sati huɗu a shekara. Malamai da dama sun tambaye ni yadda nake yi, to ga shi.

Kafin ki furta wa yara komai, ki fara da ofishin hedimasta, daga nan kwamitin iyaye da malamai. Kada ki raina wannan. Iyaye da yawa da ƙyar suka sauke wa 'ya'yansu mata farantin talla suka turo su boko, in yarinya ta koma gida ta ce "Malama ta ce mu yi sana'a", kin tayar da ƙura. Ki faɗa musu ƙarara: ciniki a harabar makaranta kawai, lokacin tara kawai, babu yaron da zai leƙa titi da kaya, kuma ribar ba ta malama ba ce, ba ta makaranta ba ce.

Lokaci mafi kyau shi ne zangon farko, wajen watan Nuwamba. An yi kaka, gyaɗa da zoɓo sun sauko, zafi ya ragu, jarrabawa ba ta matso ba. Zango na biyu sai an duba kalanda, domin a 2024 da 2025 duk azumi ya faɗo cikin watan Maris, kuma ba wanda zai kasa kayan ci a makaranta da azumi.

Sai maganar jari. Ni ba na cewa kowane yaro ya kawo kuɗi daga gida, saboda akwai wanda ko kuɗin tara ba ya zuwa da shi, kuma ba zan so ranar farko ta zama ranar jin kunyarsa ba. Rance nake nema daga asusun iyaye da malamai, in babu in bayar daga aljihuna, amma a rubuce, a gaban yara, da sharaɗin za a mayar. Yaran da kansu suke rubuta wasiƙar neman rancen a darasin Hausa. Malamin addini kuma ya karanta musu aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kuma kan rubuta bashi take. A zangon da zan ba da misali da shi, naira 16,000 muka ranto, na raba aji gida huɗu, kowace ƙungiya 4,000. Farashin da zan ambata na lokacin ne, kasuwa ta riga ta wuce shi.

Kowace ƙungiya ta zaɓi shugaba, ma'aji, mai littafi da masu ciniki. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, kada ki yarda mutum ɗaya ya haɗa biyun. Kuma ki riƙa juya muƙaman duk sati, in ba haka ba yara ukun nan masu ɗaga hannu kullum su za su cinye komai, na bayan aji su zama 'yan kallo.

Abin da za a sayar kuwa, ki bar su su yi gardama, amma ki sa musu ƙa'ida biyu: abin da yaro zai iya saya da hamsin ko ɗari, kuma abin da zai kwana bai lalace ba. Ƙa'ida ta biyun da asara na koye ta. Shekarar farko wata ƙungiya ta dage sai kunun aya, ni kuma na biye musu, ga shi a tsakiyar zafi. Aka dama da asuba, babu wuta, ƙanƙarar da aka sayo ta narke kafin a tashi daga taron safe. Ana buga ƙararrawar tara ma'ajiyar ƙungiyar ta buɗe gora ɗaya, ta shinshina, ta ɗago ta dube ni. "Malama, ya yi tsami." Gora ashirin da huɗu muka tuttular a bayan aji. Hannuna har ya kai jaka zan cike musu kuɗin, sai na fasa. Na ce mai littafi ya rubuta: faɗuwa. Washegari darasin kimiyya gaba ɗaya a kan abin da ke sa abinci ya lalace muka yi shi, ƙwayoyin da ido ba ya gani da yadda zafi ke sa su yaɗu, kuma ban taɓa ganin ajin ya nutsu haka ba. Ƙungiyar ta ci gaba da ɗan abin da ya rage, suka koma alawar madara. Ba su ci riba ba, da ƙyar suka mayar da uwar kuɗi, amma a jarrabawar ƙarshen zango babu ɗayansu da ya faɗi tambayar riba da faɗuwa.

Tun daga nan gyaɗa mai gishiri, kantu, tuwon madara da alawa muke yi. Zoɓo sai in akwai mai firji a kusa. Wata shekara wasu sun sayo fensir da magogi a kan sari suna sayarwa ɗai-ɗai, kuma ranar gwajin sati sun fi kowa ciniki.

Duk abin da ya shafi wuta, babba ke yi. Iyaye mata biyu ko uku sukan karɓi suya. Yara su tsince gyaɗar, su jiƙa ta a ruwan gishiri, su shanya, uwa ta soya cikin yashi, su kuma su auna su ƙulla, bayan sun wanke hannu da sabulu ina tsaye a kansu.

Wurin da ya kamata ki daɗe shi ne sa farashi, domin nan karatun yake. Kada ki faɗa musu nawa za su sayar. Ki sa su tara abin da suka kashe a allo: kwanon gyaɗa 3,200, leda da gishiri 300, gawayi 500, jimla 4,000. Yawancinsu gyaɗar kawai suke ƙirgawa, su manta gawayi da leda, sai kin tambaya, "Da me aka soya?" Sannan su ƙirga ƙulli. In ƙulli 100 ya fita, kowane ɗaya ya tsaya musu a naira 40. A hamsin-hamsin za a tashi da 5,000, riba 1,000, wato kashi 25 cikin 100 na jari. Daga nan sai na jefa musu tambayar da ke sa su yin tsit: in wajen ƙullawa kowa ya ɗan ɗanɗana har ƙulli goma ya tafi, nawa ya rage a riba? Da suka ga rabinta ta tafi a baki, ba ni na ƙara hana ɗanɗane ba, junansu suke tsarewa. Ma'auni kuma ɗaya ne, murfin gora ko ƙaramin gwangwani, na aboki da na wanda ba a shiri da shi duk ɗaya. Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi gargaɗi kan tauye mudu, yawancinsu sun haddace ta a Islamiyya, sai dai ba su taɓa haɗa ta da hannunsu ba.

Ba bashi. Ki sa a rubuta da manyan baƙaƙe a manna a teburin ciniki. Kuma kada ki ɗauka yara nake tsoro, mu malamai ne matsalar. Wani abokin aikina ya ɗebi ƙulli shida ya ce sai an yi albashi, yarinyar ta kasa yi masa musu don malaminta ne. Kuɗin bai fito ba sai da na bi shi da kaina har sau uku. Canji ma ki tanada tun da wuri, 'yan hamsin-hamsin wuya suke yi.

Ana komawa aji bayan tara, minti goma na farko na ƙirga kuɗi ne. Ma'aji ya ƙirga da ƙarfi, mai littafi ya faɗi abin da ya rubuta, a ƙirga kayan da suka rage. In ba su yi daidai ba, kada ki fara da "wa ya sata?" Sau da yawa kuskuren canji ne. A rubuta giɓin, a wuce. Kuɗin ya kwana a ofishin hedimasta, da sa hannun yara biyu.

Wanda za a ba ribar, tun satin farko ake zaɓa, da ƙuri'a, don yara su san wa suke wa wahala. Abin da nake hanawa kawai shi ne a zaɓi wani ɗan ajin. Niyyar tana da kyau, amma yaro ba ya riƙe baki, ranar da aka yi faɗa gori zai fito, aya ta 264 a Baƙara kuma ta hana ɓata sadaka da gori. A zangon da nake magana, bayan an mayar da rancen 16,000, abin da ya rage 11,350 ne, kuma tsangayar da ke bayan katangar makarantarmu suka zaɓa. Su a ransu biskit da lemo za su saya. Na ce a'a, a je a tambaya tukuna. Na tafi da wakilai huɗu, shugabansu ya durƙusa ya gaida Alaramma, ya ce, "Allah gafarta Malam, mun yi ciniki mun samu riba, me almajirai suka fi buƙata?" Malam ya yi murmushi, ya nuna ƙafar wani ƙaramin almajiri da kaushi ya tsattsage, ya ce hunturu ya shigo, in da hali man shafawa da sabulu, sai tabarma ko guda biyu ce.

Muka koma aji aka sake hawa allo, wannan karon lissafin sayayya: tabarma nawa, sabulu nawa, in an ƙara wannan me za a rage. Yaron nan da ba ya iya raba 840 shi ya gano cewa in aka sayo babban gwangwanin mai aka rarraba a ƙananan robobi, zai kai almajirai da yawa fiye da sayen ƙanana. Kaya muka kai, ba kuɗi ba, kuma ban bari an ɗauki hoton almajiri ko ɗaya ba, balle a sa a Facebook. Naira 150 ta yi saura. Mai littafi ya tambaye ni inda zai rubuta ta, na ce ya buɗe sabon shafi ya sa "jarin 'yan aji biyar na baɗi".