Wane Hannu Ke Cin Wane a Wasan Foka

Da rani, bayan an gama sussukar gero an shigar da buhunan gyaɗa ɗaka, dare yakan yi mana tsawo a ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Mukan taru a gindin darbejiya kusa da teburin mai shayi, da fitilar sola guda. Da can wot muke bugawa, har ƙanena da ke karatun lissafi a Jami'ar Tarayya ta Dutse ya zo hutu da wasan foka a wayarsa, wasan karta da ya samo asali daga Amurka. Tun daren farko muka yi alkawari ba za a sa ko sisi ba. Caca haramun ce, kuma da idona na ga gidan da ta tarwatsa a garin nan. Ƙwayar gyaɗa muke rabawa, kowa hamsin, in an tashi a mayar cikin kwano. Mai neman hanyar cin kuɗin ɗan'uwansa, ba da shi nake ba.

Kartar 52 ce idan ka ware joka. Dangi huɗu ne: mai zuciya, mai lu'ulu'u, mai kan mashi da mai ganye uku, kowanne da kati 13. Kati mai harafin A ne babba, sai K da muke kira sarki, sai Q sarauniya, sai J, sannan 10 har zuwa 2. Dangi ba ya fin dangi daraja, kada wani ya ce maka zuciya ta fi mashi. Hannu kuma kati biyar ne, ko da bakwai ne a gabanka, kamar a salon da aka fi yi, inda kake riƙe da biyu, biyar suna shimfiɗe a tsakiya na kowa da kowa.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, hannun da ya fi wuyar samu shi ke cin wanda ya fi sauƙi. Ba wani ne ya zauna ya tsara da son ransa ba. Ƙanena ya ce hanyoyin da za a iya zaro kati biyar daga cikin 52 sun kai 2,598,960, kuma kowane hannu yana da rabonsa a ciki.

A can ƙasa akwai hannun da bai haɗa komai ba, sai dai a duba babban katin kowa. Rabin rabon da ake yi haka yake fitowa, hanyoyi 1,302,540. Sama da shi sai tagwaye, kati biyu masu lamba ɗaya, kamar 9 da 9. Sai tagwaye biyu. A nan sababbin shiga ke yin kuskure: manyan tagwayen ake fara dubawa. Mai K K 3 3 ya ci mai Q Q J J, duk da hannu na biyun ya fi cika ido. Daga nan sai 'yan uku, lamba ɗaya sau uku, kuma 2 guda uku sun ci A A K K ba gardama.

Yanzu mun zo inda aka kusa ɓata zumunci. Jere shi ne kati biyar masu bin juna, kamar 5, 6, 7, 8, 9, ko da danginsu ya bambanta. Dangi ɗaya kuwa, wanda za ka ji ana kira fulash, kati biyar ne 'yan gida ɗaya, ko lambobinsu sun watse. Wani dare na riƙe jere daga 8 zuwa Q, na riga na miƙa hannu zan kwashe gyaɗar, sai mai shayinmu ya ajiye butarsa ya baje zuciya biyar: 2, 4, 7, 9, J. Na ce ai wannan tarkace ne, jera lambobi biyar ya fi tara kala wahala. Rabin majalisa suka goya mini baya, murya ta fara tashi.

Ƙanena bai ce uffan ba sai da ya yago bayan kwalin madara ya karɓi biro. Ya ce, "Yaya, duba nan." Jere iri goma ne kacal, daga A-2-3-4-5 zuwa 10-J-Q-K-A, amma kowane kati a cikinsa zai iya zuwa daga dangi huɗu. Huɗu sau huɗu har sau biyar, 1,024 ke nan, sau goma ya zama 10,240. Dangi ɗaya kuwa, hanyoyin zaro biyar daga cikin 13 su ne 1,287, sau huɗu 5,148. A kowane ɓangare ya cire 40, waɗanda suka haɗa jere da dangi lokaci guda, saura 10,200 da 5,108. Jerena ya ninka hannun mai shayi sauƙin samu. Na tura masa gyaɗarsa, shi kuma ya ƙara mini shayi. Kwalin yana nan a maƙale jikin teburinsa, ya yi baƙi da hayaƙi.

Abu biyu game da jere kafin in wuce. A tana iya zama a sama ko a ƙasa, amma in ta zauna a ƙasa, A-2-3-4-5 shi ne mafi ƙanƙantar jere, 2-3-4-5-6 ma ya ci shi. Kuma ba a zagayowa: Q-K-A-2-3 ba komai ba ne. Idan mutum biyu suka zo da dangi ɗaya, babban kati ake gwadawa, in sun yi daidai a sauko na biye.

Sama da dangi ɗaya sai cikakken gida, 'yan uku haɗe da tagwaye, hanyoyi 3,744. Ukun ne ke magana: 4 4 4 2 2 ya ci 3 3 3 A A. Sai 'yan huɗu, hanyoyi 624. Sai jeren dangi, lambobi biyar a jere kuma duk gida ɗaya, 36 ne idan ka ware na sarauta. Jeren sarauta shi ne 10, J, Q, K, A na dangi ɗaya, guda huɗu ne tak a duk kartar, wato sau ɗaya cikin rabo 649,740. Rani biyu muna bugawa ba mu taɓa ganinsa ba, kuma ba na son mutum ya ɓata lokacinsa wajen haddace saman jerin alhali a ƙasa ake yawan raba gardama.

Gardamar da ta fi yawa ita ce ta mai rakiya, wato katin da ke gefe idan hannu biyu suka yi kunnen doki. Ka ce ina riƙe da A da 7, kai kana da A da Q, a tsakiya akwai A, 9, 5, 3, 2. Dukanmu tagwayen A gare mu, amma biyar ɗinka A A Q 9 5 ne, nawa A A 9 7 5. Sarauniyarka ta ci. To amma in tsakiya ta zo da A, K, Q, J, 4, ina da A da 7, kana da A da 9, kada ka yi saurin murna. Biyar ɗin kowa A A K Q J ne, 9 ɗinka kati na shida ne, ba ya shiga lissafi. Sai a ƙirga gyaɗar a raba biyu, in ƙwaya ɗaya ta yi saura mu dai mai shayi muke ba.