Yadda na cire farin ɓawon cikin butar lantarki

Wani farin ɓawo ya kama ƙasan butata, ruwa ma sai ya daɗe bai tafasa ba. Na dirza da soso da sabulu, ko gezau. Na ɗauko cokali zan kankare, na fasa don kada in ɓata ƙarfen.

Ashe kalsiyam ɗin cikin ruwa ne ke taruwa, tsami kuwa ke narkar da shi. Na zuba farin ruwan khal kofi 1 da ruwa kofi 1, ya rufe ɓawon, na kunna ya tafasa. Na zare wayar, na bar shi minti 30. Ina tuttularwa ɓawon ya biyo ɓarɓashi-ɓarɓashi. Sau biyu na tafasa ruwa zalla ina zubarwa kafin warin khal ya fita.

Alhamdulillahi, har ƙyalli take.